Tumatirin da na ce awaki sun cinye

Shekarar da tumatir ya yi tsada har na koma sayen fasassu da yamma a kasuwa, maƙwabciyata a Pantami ce ta cece ni. Tsohuwar malamar makaranta ce, Batangaliya, mijinta ya rasu, Mama muke ce mata. Ta ga ina tsince ruɓaɓɓu a roba, ta riƙe baki.

"Haba 'yata, ga fili a bayan ɗakinki, kina cin wannan?"

Ita ta ba ni iri, ta nuna mini yadda ake cika buhun siminti da ƙasa da kashin awaki, a huda gindinsa. Abu ɗaya kowa ya sani a layinmu: wanda ya ba ka iri, shi kake fara kai wa ɗiban farko, ko da cikin tafin hannu ne.

Tumatirina ya yi kyau, wallahi har ya ba ni tsoro. Na tsinko kwando guda, sai zuciya ta ce mini, in na kai wa Mama, gobe duk layin za su aiko. Ni da na sha wahalar jan ruwa? Da ta tambaye ni ta katanga, bakina bai ko yi rawa ba na ce awaki sun shigo sun cinye tas. Na yanka shi na shanya a tabarma bayan ɗaki.

Washegari da hantsi sai ga sallamarta. Kwano ne a hannunta, tumatir 'yan ƙanana da ɗaurin alayyahu. Nata bai yi albarka ba a shekarar, na sani sarai, amma ta raba biyu.

"Kada ki karaya, 'yata. Ki yi wa yara miya."

Na tsaya na tare ƙofa kamar gunki. Iska kuwa ta ɗaga labulen lungun bayan ɗaki, jan tumatir shimfiɗe a rana, ba abin da ya rage a ɓoye. Na ga idonta ya sauka a kai. Kunya ta kama ni.

Ta ajiye mini kwanon a ƙasa, ta ce, "Ki riƙa juya shi, kada ya yi fumfuna."

Mun ci gaba da gaisawa har ta koma garinsu, amma ba ta ƙara taka cikin gidana ba.