Ni Na Sa Inna Ta Raba Shi Da Kekensa

A lokacin shekarata tara a gidan mijina a Gwaram, da 'ya'ya uku, ba ni da wata damuwa sai gudun abin da mutane za su ce. Maigidana direba ne, yana jigilar fasinja zuwa Kano, har ranar da motarsa ta kife wajen Wurno, gwiwarsa ta dama ta farfashe. Aka yi masa aiki a Birnin Kudu, ya yi wata huɗu yana dogara sanda. Likita ya ce in yana son gwiwar ta ci gaba da lanƙwasuwa, kullum ya tuƙa keke, ya kuma riƙa iyo, don ruwa yana ɗauke wa ƙafa nauyin jiki.

Ya samo tsohon keke. Da hantsi sai ya nufi kogi, ya dawo da jiƙaƙƙen wando a leda, fuskarsa fal fara'a. Cikin wata biyu ya jingine sandar, har ya fara zaman tahiya kaɗan-kaɗan. 'Yan tasha kuwa suka sa shi gaba. In ya wuce su tambaye shi nawa ne Kano a bayan keken, wasu su ce direba a taho musu da kifi. Shi dariya yake yi, ni ce na kasa jurewa. A wani gidan suna wata ta tambaye ni, a tsakiyar mata, wai da gaske ne hatsarin ya taɓa masa kai, tunda magidanci da furfurarsa ya koma wasan ruwa. Aka kwashe da dariya, har da ƙanwata.

Na san ba zai ji tawa ba, sai na tafi Dingaya wurin mahaifiyarsa. Ban faɗa mata abin da likita ya ce ba. Na ce ruwan da zurfi, kuma ana cewa wurin akwai mutanen ɓoye. Inna ta aika aka kira shi, ta ce in ya sake shiga kogi ko ya hau keken nan, ba ta yafe masa nononta ba. Ya so ya yi bayani, ta ce ta gama magana. Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Kafin damina ta fita gwiwar ta sandare. Da muka koma asibiti aka ce an makara. Inna ta rasu ba ta janye maganar ba, don na kasa buɗe baki in gaya mata. Yau a kan kujera yake salla, can ƙarshen sahu, 'yan tashar kuma gurgu suke kiransa. Ranar da na faɗa masa gaskiya ina kuka, ya ce ai tun a Dingaya ya gane, sannan ya tambaye ni ko abinci ya nuna.

Kullum ina istigfari, amma duk sujadar da na yi sai na tuna wanda na hana. 'Yan'uwana mata, in mara lafiyarku ya samu abin da ke yi masa amfani, ku tsaya masa ko da gari zai yi dariya. Kuma kada ku ari bakin uwa don biyan buƙatarku. In ya fita, ba ku da ikon mayar da shi.