Kaza Ɗaya Tak Baba Ya Ce

Ranar wata Alhamis, saura kwana biyu mu bar Sokode, ina tsugune a tsakar gida ina wanke-wanke sai na ji sallama a bakin zaure. Inna Ramatu mai koko ce, ɗauke da kwando a ka, kwandon kuma sai kuka yake yi. Ta sauke shi a gaban Baba, wanda ke zaune a kan buzu yana wasa wuƙaƙensa na fawa, ta ce, "Ga amanar Azumi, uwa ɗaya da 'ya'ya bakwai." Baba bai gama buɗe baki ba wata sallamar ta shigo. Matar mai gyaran keke ce, da kaji tara a rataye. Bayanta wata tsohuwa Bakotokoliya, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ta turo jikokinta uku, kowane da zakara a hammata. Kafin a kira azahar babu inda mutum zai sa ƙafa a gidanmu. Kaji a kan turmi, kaji a bakin randa, wani jan zakara ya haye igiyar shanya yana cara kamar gidan ubansa. Ni ce Azumin, shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma da na dubi fuskar Baba na san kashina ya bushe.

Duk wannan tashin hankali daga kaza ɗaya ya fito. Ina shekara tara Kaka, mahaifiyar Baba, ta ba ni wata sagara wake-wake mai tukku a ka. Baba ya ce bai yarda ba, shi da yake wuni cikin jini da ƙudan mahauta ba zai dawo gida ya tarar da kashin kaji a kan buzunsa ba. Kaka ta dube shi sau ɗaya, irin kallon da ke mayar da mai gemu yaro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Iya. Amma ɗaya tak." Na sa mata suna Madam, saboda tafiyarta sak ta matar kumandan mai mulkin gari, wadda muke gani in ta sauko daga mota a bakin kasuwa: ƙirji gaba, hula a ka, tana ɗaga ƙafa a hankali kamar ƙasar Sokode ba ta isa ta taka ba. Na ɗaura mata jan zare a ƙafar hagu don shaida. A gindin gadonmu ni da Kaka take kwana, kuma na rantse ta fi ƙanena jin magana.

Abin da Baba bai sa a lissafi ba shi ne maƙwabtanmu suna da zakara, katangarmu kuma ta zana ce. Wata uku ba a yi ba Madam ta ɓace, na yi kuka har na shaƙe, sai Kaka ta gano ta a bayan tarin itacen girki tana kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya. Tara suka ƙyanƙyashe. Daga ranar na zama baiwarsu. Da sassafe nakan ɗauki fasasshiyar tukunya in cusa mata kara da busasshen kashin shanu, in yayyafa ruwa, in kife ta a bakin suri a bayan unguwarmu ta Zongo, washegari in kwaso musu gara. In na dawo daga makarantar allo, maimakon in tafi wasan 'yar carafke da ƙawayena, sai in zauna da tsohon kwano da sanda ina gadin sama, da na hango shirwa in kama kiɗa da ihu har ladan ya taɓa aikowa a tambaya ko gobara ce. Da Baba ya ga 'yan tsakin sai ya ja sabuwar iyaka: "Biyar. Duk wadda ta zama ta shida, wuƙa." Ubana kuwa mahauci ne, in ya ce wuƙa ba sai ya je aro ba.

Kaka ce ta koya mini dabara. Ni da ita ɗakinmu ɗaya, bakinmu ɗaya, ba ta kirana da komai sai "ƙawata". Ta ce a Zongo akwai abin da ake kira kiwo: ki kai kazarki gidan wata ta riƙe miki, ita ke ciyarwa, in an ƙyanƙyashe 'ya'ya sun yi fiffike a raba biyu. Uwar kuwa tana nan hannun mai riƙo, ba a mayar da ita sai in ɗayanku zai bar gari, don ba wanda ke yin tafiya da amanar wani a wuyansa. Haka muka riƙa fitar da kaji ta ƙofar baya, a cikin zanen Kaka, ana ɗauka goro ne za ta kai wa ƙawayenta. Duk gidan da muka kai, Kaka takan ce, "Rabon yarinyar ma ku riƙe tukuna." Rabon ya girma, shi ma ya yi ƙwai, muka ɗebi wasu muka kai gaba. Kowace Juma'a Baba zai tsaya a tsakar gida ya ƙirga, ya sami biyar cif, ya shafa gemu ya ce wa Inna, mahaifiyata, "Kin ga amfanin doka." Kaka kuwa sai ta toshe baki da gefen mayafi wai tari ya sarƙe ta.

Sai ga labari cewa za mu koma Dapango. Wani abokin Baba ya aiko cewa can shanu sun fi kusa, mahauta kuma sun yi ƙaranci. Labari ya zaga Zongo, matan nan masu gaskiya kuwa, Allah ya saka musu, kowacce ta tuna da amanata a rana ɗaya. Abin da ya faru ranar Alhamis ɗin ke nan. Baba ya miƙe yana ƙirga, ya kai talatin da wani abu, jan zakaran nan ya diro masa a hula, ya koma farko. Ni har gobe ina cewa ɗari huɗu ne. Inna ta ce arba'in da ɗaya, amma Inna ba ta duba rufin ɗaki ba. Na jira bulala, ba ta zo ba. Abin da ya zo ya fi ta zafi: Baba ya ce kwando ɗaya mota za ta ɗauka, kaji uku, kuma masu ƙuruciya, sauran a yi sadaka da guzuri.

Ni arba'in ɗin ba su dame ni ba, Madam ce damuwata. Na haye bishiyar mangwaron gidanmu da ita a hannu, na ce in ba da ita ba, sai dai a sare bishiyar a loda mu tare. Kowa ya san zan aikata, don na taɓa wuni a can kan maganar kitso. Kaka ta zo gindin bishiyar tana dafa gwiwa, ta ɗaga kai ta ce, "Sauko, ƙawata. Ni da hannuna zan sa ta a kwando, kuma mota ɗaya za mu shiga ni da ke. Na taɓa yi miki ƙarya?" Ba ta taɓa ba. Mun dai yi wa wasu tare. Na sauko.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka isa tasha. Kaka ta miƙo mini kwandon a lulluɓe da tsohon zanenta, ta ɗaure shi tamau, ta ce kada in kuskura in buɗe a hanya, iskar mota makantar da kaza take yi. Ta ce ita saboda gwiwarta a gaba za ta zauna kusa da direba, mu kuma aka ɗora mu a baya a kan buhunan gishiri. Ta riƙe kaina da hannu biyu ta tofa mini addu'a mai tsawo, har na ce, "Kaka, ai tare za mu, ki rage wata sai mun isa." Ta yi dariya ta zagaya ta gaban motar. Wuni guda na rungume kwandon nan, motar na jijjiga mu har haƙorana suna gaisawa da juna. Ina ta ba Madam labarin hanya ta jikin zane: ga duwatsu, ga gidaje masu kama da rumbu, ga wani gardi yana barci a tsaye. Duk inda aka tsaya Inna takan hana ni sauka, wai zan ɓata. Ban lura ba cewa tun da muka tashi ta ƙi haɗa ido da ni.

A Mango ne dole kowa ya sauka kafin a ƙetare kogi. Na diro na ruga gaban motar ina kiran Kaka, in gaya mata ƙafata ta mutu. Wanda na tarar a kujerar wani ƙaton mai goro ne yana sakace. Na leƙa bayansa, na leƙa ƙarƙashin kujera, kamar Kaka allura ce. Na juyo na ga Baba yana kallon kogi, Inna tana gyara goyon da ba abin da ya same shi, har ƙanena mai shekara bakwai ya sunkuyar da kai. Ashe kowa ya sani. A nan bakin ruwa na tsinke igiyar kwandon da haƙori. Sagaru uku ne a ciki, jajaye, suna kallona kamar baƙi. Direban, Malam Isifu, ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Tsohuwa ta ce in gaya miki in mun zo nan. Ta ce ƙashinta ba zai iya sabon gari ba, tana nan wajen baffanki. Kazar kuma ta riƙe ta kiwo, rabonki zai riƙa zuwa." Na ce, "Ai ba a karɓar kiwo sai mai kaza ya bayar!" Ya ce shi dai saƙo aka ba shi. Kukan da na yi a ranar, masunta sun ce kogin ya ƙaru da taku biyu.

Na yi fushi irin wanda ake yi da gaske. Dapango gari ne mai faɗin sama da ƙarancin inuwa, ban san kowa ba, ban jin Mobanci, yaren garin, ɗakin da aka ba ni kuma babu mai minshari a ciki. Duk lokacin da Baba zai sa a rubuta takarda zuwa Sokode yakan tambaye ni abin da za a ce wa Kaka, ni kuma in ce, "A gaida Madam." Ba a taɓa ƙara ko harafi ɗaya daga bakina ba. Amsa takan dawo: Madam tana amsawa, mai yi mata hidima ma tana nan lafiya. Bayan wata huɗu Malam Isifu ya sauke kwando a ƙofarmu, 'yan kaji biyar wake-wake. Bayan damina wani ya zo. Baba ya sake kafa doka, goma wannan karon. Wata maƙwabciyarmu Bamobiya ta ba ni ƙwan zabi na sa wa kaza ta kwanta, sai ga zabi sun shiga lissafi, su kuwa ba sa tsayawa a ƙirga su. A shekara ta biyu Baba ya daina ƙirga, ya sayi sabon buzu yana rataye shi a ƙusa.

A shekara ta uku na lura da wani abu. Kajin da ke zuwa sun daina kama da Madam. Wannan baƙa, wannan fingi mai gashi a birkice, babu mai tukku ko ɗaya. Na tsare Malam Isifu a bakin motarsa har ya faɗi gaskiya: Madam ta daɗe da daina ƙwai. Kaka ce ke bin gidajen nan da muka taɓa kai kiwo, tana dogara sanda, ta karɓo ɗaya nan ɗaya can ta cika kwando ta ce rabona ne. Ƙarya ta biyu ke nan. Na ƙara ta a kan ta farko na adana. Na tsara duk abin da zan faɗa mata ranar da Baba zai kai mu Sokode, tun daga gindin mangwaro har bakin kogin Mango, ina maimaitawa in ina shara don kada in manta ko kalma ɗaya. Baba kullum yana cewa sai bayan Sallah.

Bara, ana tsakiyar girbin gero, motar ta tsaya a ƙofarmu. Malam Isifu, wanda kullum yake tsokanata da "Sarauniyar kaji, fito ki karɓi talakawanki," wannan karon sallama kawai ya yi. Kwandon ba nauyi. Na ɗaga zanen, sai ga Madam ita kaɗai, tukkun ya kwanta, ido ɗaya ya yi fari, a ƙafarta ta hagu an ɗaura sabon jan zare. Ya ce tsohuwa da hannunta ta sa ta, daga kan gado, ta ce a mayar wa ƙawarta uwa. Ban tambaye shi komai ba. Ita ta koya mini lokacin da ake mayar da uwa. Takardar baffa mai labarin rasuwarta ta iso bayan kwana shida.

Yanzu shekarata goma sha shida, kajin gidanmu kuma ko kumandan ya turo gardawansa ba za su iya ƙirga su ba. Madam tana kwana a gindin gadona, ba ta ƙwai, ba ta tafiyar ƙasaita, in ta ga shirwa ma sai dai ta bi ta da ido ɗaya. Baba, mai dokar ɗaya tak, shi ke jiƙa mata tsaki kafin ya tafi mahauta, in ya ɗauka ba wanda ke kallo yakan ce mata, "Ci mana, Iya ta bar ki." A Sokode ina da kaji biyar a fili da mai taya ni ɓoye saura, a nan ina da su fiye da buƙata, ba abin ɓoyewa kuma ba abokin ɓoyo. Jawabin nan da na tsara yana nan a bakina, ban rage ko kalma ba. Shekara huɗu ina tara shi, Kaka ta sake tafiya ba ta gaya mini ba.