Inna Tela Ta Karɓo Kekenta

Inna Tela ta tsufa a kan keken ɗinki, a ɗan shagonta na bakin layi, har ranar da 'ya'yanta suka yi mata gata. Suka rufe shagon, suka jefa keken a ɗakin ajiya, suka saya mata kujera mai laushi. Wai ta huta.

Hutun nan bai karɓe ta ba. Ba mai kawo yadi, ba mai kawo gulma. Ga tsoro yana cin ta a ɓoye, don ciwon mantuwa ya kama yayarta, wadda ta koya mata ɗinki, har ba ta gane Inna yanzu.

Da babban ɗanta ya kai ta awon jini, sai ta tsare likita da ido. "Ni ma haka zan koma?"

"Tsufa da gado ba mu da iko da su," in ji likita. "Amma hawan jini, ciwon suga, raunin ji, da zama shiru ba motsi ba mutane, duk suna ƙara haɗarin. Waɗannan da abin yi a kansu."

"Maimaita na ƙarshen, ɗan nan. Ɗaga murya, ga mai sayen kujera nan," in ji Inna, tana nuna ɗanta.

Tun a mota take dariya. Kafin la'asar an fito da keke, an zuba masa mai. Daga ranar komai nata "likita ya ce" ne. Yawon gidajen maƙwabta, likita ya ce. Musu da mai sayar da zare, likita ya ce. Maganin hawan jinin ma, da a da sai an yi dambe, yanzu da kanta take nema.

Rigar farko ta yayarta ce. Inna ta kai mata. Tsohuwar ta dube ta kamar baƙuwa, ta karɓi rigar, ta juya cikinta, ta bi kalmasar da ɗan yatsa.

"Ta karkace," ta ce. "Kullum sai na gaya miki kina sauri. Warware."

Inna ta yi dariya har da hawaye, don rabon da a yi mata faɗan nan ta manta. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar yayarta, ta fara warwarewa a hankali.