Kowa Ya Yi Shiru, Ana Ɗauka

Wasan kwaikwayon nan ya girme ni da kaɗan, kuma ya fi ni daɗewa a bakin aiki. A rediyo aka haife shi, duk Juma'a bayan la'asar: wani ma'aikacin gidan waya mai keke da yawan alkawari, da matarsa mai ɗinkin hula, da surukarsa da ta zo musu kwana uku a fitowar farko, ba ta tafi ba har aka daina wasan. Akwai kuma jariri. Na yi firamare, na yi kwalejin horon malamai, na koyar a Zariya har na yi furfura, jaririn nan yana goye.

Da wasan ya shiga talabijin, unguwarmu ta yi ɗan ƙaramin zaman makoki. Muryar maigidan ta mai tumbi ce, sai ga mutum siriri kamar sillen kara. Innarmu ta kalle shi sau ɗaya a gidan maƙwabta, ta ce ba shi ba ne, ta koma wa rediyonta. Daga baya an sauya maigidan har sau biyu. Ba wanda ya yi wa matarsa bayani, ita ma ba ta tambaya ba.

Babanmu akawu ne, mai son adana abu. Ya sayi rakoda, duk Juma'a sai ya girke ta gaban rediyo, ya danna maɓallai biyu, ya yi bisimilla, sannan ya ce, "Kowa ya yi shiru, ana ɗauka." Kowa yana iyawa ban da Inna. Surukar nan na buɗe baki, sai Inna ta toshe nata da gefen mayafi, dariyar ta ɓulle ta hanci, daga nan ta fashe gaba ɗaya.

"Haba, ke kuwa! Kin ɓata wannan ma."

"To Malam, ka ce wa tsohuwar ta daina mana."

Har ya koma ga Allah yana ganin bai taɓa samun kaset ɗaya mai tsabta ba. Ita kuwa Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Duk abin da ya rage mini nata a duniya, wannan ɓarnar ce.

Kaset ɗin sun biyo ni New York cikin kwalin takalmi, lokacin da 'yata ta ɗauko ni na zauna wurinta a Morrisania, wata unguwa a yankin Bronx. Ba mu da abin kunna su, ɗakin nan kuwa in za ka ajiye kwali sai ka nemi izinin gado. 'Yata ta ce akwai wani Alhaji mutumin Kumasi a Fordham Road, yana sayar da turare da caja, yana kuma juye tsofaffin kaset a waya. Na kai masa. Sa'ana ne, da tabarau a ƙarshen hanci, da Hausarsa irin ta Gana.

"Malam, in gyara shi?"

Na ce ya gyara sosai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da jan biro a hannu ba ya jin kalmar gyara ya ce a'a.

"Kaset fa, in na gama?"

"Ka zubar, Alhaji. Ba wuri."

Bayan mako guda ya turo. Na zauna da hantsi na kunna. Murya tas, kamar an wanke ta an goge. Ma'aikacin gidan waya ya yi sallama, surukarsa ta buɗe baki, na gyara zama ina jira. Ba komai. Wasa ya ci gaba abinsa. Na tsallaka na biyu, na uku, na goma. Abin da Baba ya kasa a tsawon aurensu, kwamfuta ta yi shi a mako ɗaya: ta sa Inna ta yi shiru.

Na zari hula sai shagon Alhaji. Ranar kwashe shara ce kuwa. Daga tagar bas, duk baƙar ledar da na gani jibge a bakin titi sai na zarge ta. Na shiga shagon ko sallamar kirki ban yi ba, ni da na sha korar yara waje su sake shigowa da sallama.

"Alhaji, ina matar da ke dariya?"

"Na cire shi, Malam. Ka ce gyara. Mata nan ya dame wasa, wallahi kwana biyu ina fama da shi."

"Uwata ce."

Ya sauke tabarau. "Inna lillahi. Mamanka na share?"

"Ni na sa ka. Kaset ɗin fa, sun tafi?"

Ya dube ni irin duban da nakan yi wa ɗalibin da ya kasa kawo biyu sau biyu.

"Malam, kai ne mai karatu fa. Kowane kaset, tsoho nan ya fara da sunan Allah. In sa bisimilla a bola? A Zangon Kumasi ba haka aka koya mana ba."

Ya taka kujera, ya miƙa hannu can saman kanta, inda yake tara yagaggun takardu masu ayoyi da tsofaffin kalandun masallaci har ya samu inda zai binne su. A tsakiyarsu kwalin takalmina yake, ko ƙura bai yi ba.

Nan take ya zura ɗaya a na'urarsa, ya ƙure sifika. Ƙarar iska, kukan zakara, bisimillar Baba. Surukar ta buɗe baki. Sai ga ta nan, ta hanci tukuna, sannan gaba ɗaya, a tsakiyar Bronx. Wata Hajiya 'yar Damagaram da ta shigo sayen turare ta dafa kanta ta kama dariya, ba ta ma san abin da aka faɗa ba. Wani direban tasi ya leƙo ya tambayi ko biki ake.

"Wallahi baiwar Allahn nan ta fi wasan," in ji Hajiya, tana share ido. "Ita ya kamata a sa a talabijin."

"Da ba ta yarda ba," na ce.

Alhaji ya sake juye su duka, bai taɓa ko tarin akuya ba. Na rungumo kwalina na dawo da shi, gado ya yi haƙuri.

Da la'asar na kunna wa jikata, wadda ke jin Hausa sarai amma ta mai da amsa da Turanci. Dariyar na tashi ta ɗago kai ta tambaye ni wace ce. Na ce kakar mamanki ce. Ta ce in mayar baya. Na mayar. A karo na uku ta toshe baki da hannun riga, abin ya ɓulle mata ta hanci.

Daga cikin wayar Baba ya ce, "Kin ɓata wannan ma."

Na ce Allah Ya jiƙanka, Baba, ai duka ta ɓata, ɗaya bai tsira ba.