Salifu Wanzam da Jijiyar Gefen Kai

A Zangon Sokodé in ka ce Salifu za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Salifu Wanzam ko baƙon ɗan zemijan, mai haya da babur, zai kai ka. Rumfarsa tana bayan layin mahauta: benci biyu, madubi, da zabirar fata da ya gada wurin mahaifinsa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana min aski, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi, sauran kuma daga bakinsa na ji.

Dogo ne, mai magana a hankali, wanda bai taɓa shakkar hannunsa ba. Yana aski, yana ƙaho, shi ake kira ranar suna ya aske jariri. Kakansa fataken goro ya biyo yana musu aski a hanya, da ya iso Sokodé ya zauna. Salifu yana jin Kotokolanci, yaren garin, kamar haifaffen unguwar Komah, Faransanci kuwa daidai na gaisuwa.

Da daminar 2022, yana da shekara sittin da bakwai, ciwon kai ya kama shi a gefen dama, tsakanin ido da kunne. Ba irin wanda ya saba ba ne. Hula ma in ta taɓa wurin sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Da safe kafaɗunsa su sandare, sai ya daɗe kafin ya iya ɗaga hannu. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne nama. Maƙwabtansa mahauta kan aiko masa da tsire, sai ya tarar yana tauna uku ko huɗu muƙamuƙinsa ya gaji, ya huta, ya sake, ya sake gajiya. Sau biyu yana shan maganin zazzaɓin sauro daga wani mai shagon magani. Wani abokin sana'arsa ya kafa masa ƙaho. Ciwon bai ko motsa ba.

Wata Talata yana tsakar aske wani dattijo, idonsa na dama ya rufe kamar an ja labule. Ya tsaya da aska a hannu, ya yi kamar yana wasa ta. Bayan 'yan mintoci gani ya dawo, ya ƙarasa askin, bai gaya wa kowa ba. Ranar Asabar idon ya sake rufewa, bai kuma buɗewa ba.

“Kwana huɗun nan su ne wautata,” in ji shi, kuma haka yake faɗa wa duk wanda ya tambaya, ba ya ƙarawa ba ya ragewa.

Matarsa Memounatou, mai sayar da wake da shinkafa a bakin kasuwa, ita ta sauke tukunya ta tare babura biyu. Ta ce, “Malam, yau ba shawara nake nema ba. Hau.”

A asibiti aka kai shi wurin wata likita mai suna Anisa, 'yar Komah, wadda ta yi karatu a Lomé ta dawo gida aiki. Ta saurari labarin naman da kyau fiye da na ciwon kan. Sannan ta sa yatsu biyu a gefen kansa. Jijiyar wurin ta taso ta yi tauri kamar igiya, ba a jin bugun jini a cikinta. Ta sa aka ɗebi jininsa, amma ba ta jira sakamako ba, nan take ta sa aka fara ba shi magani mai ƙarfi, kortizon.

“Baba, zan gaya maka gaskiya,” in ji ta. “Jijiyoyin da ke kai jini kanka ne suka kumbura ta ciki, hanya ta tsuke. Wadda ke ciyar da idon dama ta toshe. Da wuya ya dawo. Na hagu muke tsere mu ceta, kuma in sha Allahu mun riga ciwon.”

Salifu ya ce, “Na hagun zai isa aski?”

“Kai za ka gaya min, Baba.”

Idon hagu ya tsira. Cikin kwana uku ciwon kan ya ɗauke kamar ba a yi ba.

A mako na biyu Dokta Anisa ta zo masa da wata magana. Ta ce a Faransanci ana kiran ciwon nan cutar Horton, kuma masu shekara hamsin zuwa sama yake kamawa. Littattafan da ta karanta sun ce Turawa ya fi kamawa, ba kasafai ake ganinsa a baƙar fata ba. Ita da wasu likitoci suna bincike ne su gane ko da gaske babu shi sosai a nan, ko kuwa yana nan ana kiransa zazzaɓi da tsufa har mutum ya makance. Tana so ya shiga. Za a riƙa duba jijiyar da na'urar eko, irin wadda ake duba ciki da ita, a auna jininsa duk wata, a kuma yanki ɗan guntun jijiyar a duba a madubin likita, domin a can ake ganin manyan ƙwayoyin da ke tabbatar da ciwon.

Ta miƙo takarda shafi huɗu da Faransanci. Salifu ya mayar mata.

“'Yata, ban taɓa sa aska a kan jariri ba sai uwarsa ta san abin da zan yi. Karanta min da Hausa, layi bayan layi.”

Ta karanta. Ya tare ta sau da yawa.

“In na ƙi, za ki rage min magani?”

“Ko ƙwaya ɗaya.”

“In na shiga na gaji fa?”

“Ka fita ranar da ka ga dama.”

“Sunana zai je ƙasar Turawa?”

“Lamba za ta je. Sunanka yana nan a aljihun teburina.”

Ya kalli Memounatou, ta gyaɗa kai, ya rubuta sunansa da ajami.

Ranar da aka yanki jijiyar, an kashe wurin da allura, idonsa biyu. Da aka gama ya nemi madubi, ya daɗe yana duban ɗinkin. Ya ce wa wanda ya yi aikin hannunsa yana da kyau, sai dai ya aske gashin wurin kamar mai gudun ruwan sama. Duk ɗakin aka yi dariya.

Maganin ba wasa ba ne. Fuskarsa ta cika, yunwa ta riƙa cinsa kamar ɗan shekara ashirin, sukarin jininsa ya hau har aka hana shi shayi mai zaƙi. A wata na huɗu ya ce ya warke, zai daina. Dokta Anisa ta ce in ya yanke shi rana ɗaya ciwon na iya dawowa ya nufi idon da ya rage, kuma jikin ma ba zai ɗauki yankewar ba, a hankali ake sauka. Ya bi. Aiki kuwa ya koma tun wata na biyu. Ido ɗaya ba ya auna nisa daidai, sai ya sauya hannu: yatsun hagu su riga aska sauka a fata, aska ta bi bayansu. Ni na fara zama masa. Gabana ya faɗi, ban ɓoye ba, amma askin ya fita tas.

Yana zuwa awon wata-wata ya lura Dokta ba ta samun mutane. Wata shida, su uku ne kawai a littafinta. Ya tambaye ta inda take nema, ta ce tana jiran waɗanda suka zo asibiti.

“To za ki daɗe,” in ji shi. “Tsoho mai ciwon kai ba wurinki yake fara zuwa ba. Wurina yake zuwa in kafa masa ƙaho. Tsohuwa kuma mai kitso ce ke fara jin ta ce wayyo. Kawunan garin nan a hannunmu suke.”

Ta ce, “Baba, ba na so wanzamai su koma gaya wa mutane ciwon da ke damunsu.”

“Ni ma ba na so. Ki ba ni tambayoyi, in turo miki. Ke ki faɗi ciwon.”

Suka tsaya a kan abu kaɗan. Wanda ya haura hamsin, ya zo da sabon ciwon kai, a tambaye shi ko fatar kansa na zafi in an taɓa, ko muƙamuƙinsa na gajiya wajen tauna, ko ganinsa ya taɓa ɗaukewa ya dawo. Wanda ya ce ganinsa ya ɗauke, ranar za a kai shi, ba gobe ba.

Shekarar farko ya tura mutum goma sha huɗu. Babu ko ɗaya mai cutar Horton. Yawancinsu hawan jini ne, biyu haƙori. Mutane suka fara zolayarsa, wai Salifu ya zama ɗan kamashon asibiti. Bai damu ba. Ya ce masu hawan jinin ma ai sun samu magani.

A farkon 2024 binciken ya faɗaɗa zuwa Dapaong, can arewa, inda 'yarsa Hanifa take aure. Ba wanda ya aike shi. Ya hau mota ya bi ta Kara da Mango, ya sauka gidan 'yarsa, ya sa mijinta ya tara masa wanzamai da masu kitso a wata farfajiya kusa da kasuwa. Mutum goma sha tara suka zo. Yana Hausa, wata tana juya wa waɗanda ba su ji ba da Mobanci, yaren yankin.

Wani wanzami mai suna Abdulrauf, wanda ake ji da shi a garin, ya miƙe. “Yaya Salifu, da girmanka. Iyayenmu da ƙaho suka yi maganin ciwon kai. Yanzu ka zo ka ce mu kori mutanenmu zuwa lopital wurin likitoci?”

Salifu bai yi musu ba. Ya cire hula, ya kira shi kusa, ya kama yatsunsa ya ɗora a gefen kan Abdulrauf ɗin kansa. “Kana jin jijiyar tana bugawa, tana da laushi?” Ya ce yana ji. Sai ya ɗora yatsun a kan tabon nasa. “Tawa da ke nan ta yi tauri kamar igiyar guga. An kafa min ƙaho, kuma gwani ne ya kafa. Rufe min idon hagu da tafinka.” Abdulrauf ya rufe. “To yanzu ban san ko kai fari ne ko baƙi ba. Ka ci gaba da ƙahonka, ni ma ina yi. Tambaya uku kawai na ce ka ƙara.”

Abdulrauf ya koma ya zauna. Sai wata mai kitso, Zénabou, ta yi magana. Ta ce akwai wata tsohuwa mai sayar da man kaɗe da take yi wa kitso shekara da shekaru, makon jiya tana sa mata mataji ta yi ƙara ta riƙe kai, kuma ta ce ta daina cin gyaɗa don bakinta na gajiya.

Salifu ya mayar da hularsa. “Ina gidanta?”

Kafin la'asar tsohuwar tana asibitin garin, likitan da ke aikin binciken a can yana duba ta da eko. Ciwon ne. Aka fara mata magani a ranar, idanunta biyu suka tsira. Bayan wata uku Abdulrauf da kansa ya rako wani manomi, wanda aka tarar nasa wani irin kumburin jijiya ne dabam, dangin wannan, shi ma aka sa shi a magani.

Binciken bai ƙare ba har yanzu. Da na tambayi Dokta Anisa abin da suka gano, ta ce mutanen da aka tabbatar ba su kai goma ba tsakanin garuruwan biyu, kuma wannan adadi bai isa a ce littattafai sun yi kuskure ba. Abin da za ta iya faɗa shi ne ciwon yana nan, kuma waɗanda aka kawo da wuri ba su rasa gani ba. Salifu ya ce shi wannan ya ishe shi, lissafin na masu karatu ne.

An sauke masa magani zuwa ƙwaya ƙarama guda a rana, fuskarsa ta koma yadda take. Masu kitson Dapaong sun buɗe zaure a waya, suna turo masa saƙon murya, Hanifa na juya masa na Mobanci. Wanzaman Cinkassé sun aiko suna so ya je, har da masu aske direbobin manyan motoci a bakin iyaka. Ya ce musu bayan Sallah, in Memounatou ta samu wadda za ta riƙe mata tukunya, don ta ce wannan karon tare za su.