Mayafina ne ya zauna da ita

Ranar da 'yata ta faɗo daga kan dutsen bayan gidanmu a Naraguta, babanta yana kan hanya da babbar mota. Ni kaɗai na goya ta zuwa titi, ga shi ta wuce goyo, shekararta bakwai. A asibiti likita ya duba gwiwar hannunta da ta kumbura, ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi kafin a san abin yi.

Ɗakin hoton akwai sanyi, har ya fi na waje. Mai ɗaukar hoton, wani dattijo mai tabarau, ya zaunar da ita a gefen tebur, ya ɗaga tebur ɗin har ya zo daidai kafaɗarta.

"'Yan mata, ɗora min hannun nan. Tafin ya kalli sama, kamar za ki karɓi alawa."

Ta gwada, ta ƙwalla ƙara. Ya ce to, ba dole, a hankali. Amma ya gaya min in ta motsa ko kaɗan hoton zai dushe, sai an sake, kuma kowace sakewa sai an sake taɓa hannun. Ya ɗauko wata riga mai nauyi, ya ce in saka in riƙe mata yatsu. Har na miƙa hannu sai ya tsaya.

"Mama, ki yi haƙuri da tambaya. Kina da juna biyu?"

Cikin ƙarami ne, ko uwar mijina ban gaya wa ba. Mu ba ma faɗin irin wannan sai ya nuna kansa. Kuma tun a bakin ƙofa na haɗa baƙaƙen da ke jikin wani allo da ɗan karatun manyan da na yi, na san abin da suke nufi: mai ciki kar ta shiga. Na so in ce a'a, Allah ya sani. Na dai sunkuyar da kai.

Ya mayar da rigar inda take.

"Sai dai ki jira a waje. Hasken nan ba ya yi wa na ciki kyau."

"Mama, kar ki tafi!"

"Ina nan bakin ƙofa, uwata."

Ba kowa a layin da zai riƙe mata, sai wani tsoho da ba ya iya tashi. Mai hoton ya kawo ƙananan buhunan yashi ya tokare hannun, amma wuyan hannun yana lilo. Sai ya dubi mayafina. Na cire, ya naɗe shi ya cusa a ƙarƙashi, bakinsa ya shiga tsakanin yatsunta.

Ƙofar tana da kauri. Na jingina goshi da ita, ina jin kukan kamar daga cikin rijiya. Ta yi shiru, na ji injin ya yi ƙara. Sai kuma wani kukan sabo: mai hoton yana lanƙwasa mata gwiwar hannun, babban yatsa sama, don hoton gefe. Wannan bai fito ba, aka sake. Ina tsaye, hannuna biyu lafiya lau, ba abin da suka tsinana.

Da ya buɗe ƙofar ya ce hoton ya fito, karayar tana sama da gwiwa kaɗan, za a iya gyarawa. Na je ɗaukar mayafina, ta ƙi saki. Haka muka bi baranda zuwa wurin likita, ni da ɗankwali kawai, ita ba ta ko kalle ni ba.