Ranar da Hure Ta Ambaci Sunan Ɗan Farinta

Duk wanda ya taɓa cin ƙosai a Toranke ya ci man Hure, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara ashirin da biyu ke nan tana matsar gyaɗa, ita da mata shida da ke yi mata aiki. Mace ce mai baki. Ka yi wa manta tayin wulaƙanci, sai ka gwammace kiɗa da karatu. Abu ɗaya ne bakin nan bai taɓa furtawa ba: sunan ɗanta na fari. Abdulmumin aka raɗa masa, amma ita ta gaji kunyar ɗan fari wurin uwarta. Ɗanladi take ce masa, shi ma sai ta kama dole.

Bara wani mai kantuna a Kano ya ɗanɗana man, ya ce zai riƙa kwashe duk abin da ta matsa, muddin ta kawo lambar rajista kafin sabuwar gyaɗa ta shigo. Hure ta ɗauka aikin kwana biyu ne. Ashe takarda haihuwa take yi! Ta rajista ta haifi ta haraji, ta haraji ta haifi ta duba-gari, wadda ita kuma wata uku kacal take rayuwa. Sau tara Hure tana hawa babur zuwa Gaya ta kama motar Kano, matan na gida suna jiran albishir.

A wajen cike wani fom ne ma'aikaci ya tambaye ta sunan wanda zai gaje ta a sana'ar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗanladi." Bayan wata biyu aka dawo da takardun gaba ɗaya, wai sunan bai yi daidai da na katin shaidar ɗan nata ba. Mafita ɗaya ce: ta je kotu ta rantse da bakinta cewa mutum ɗaya ne.

Sati uku tana jan ƙafa. Abin dariya ne ga wanda bai sani ba, amma ita ji take kamar an ce ta cire ɗankwali a kasuwa. Da ta tuna matan nan shida, ta shirya. A kotu, ɗan nata yana tsaye a gefe da gemunsa, magatakarda ya dube ta ya ce, "Baba, faɗi cikakken sunansa."

"Abdulmumin," in ji ta. Shi kansa sai da ya kau da kai.

Washegari suka kai takardar rantsuwar ofishin rajista. Ma'aikacin ya juya ta, ya miƙo mata.

"Ayya, Mama! Ai an soke fom ɗin nan tun watan jiya. An zauna an rage takardu don a sauƙaƙa muku. Ba a gaya muku ba?"

"Wa zai gaya mana a Toranke?"

"To, yanzu dai ta duba-garin ce ta mutu, kwana huɗu ke nan. Sai ku sake."

A tashar Gaya suka tarar ana sauke buhunan sabuwar gyaɗa. Mai kantuna kuwa ya riga ya aiko cewa ya samu wata mai matsar gyaɗa a wani gari. Baƙin ciki ya kama Hure, ba na cinikin kaɗai ba. Har suka isa gida ba ta kira ɗanta da kowane suna ba.